Goyon Jaka a Kilomita Biyar

A gidanmu akwai doka ɗaya da kowa ya haddace, har yaran da ba su iya ɗaura zariyar wando ba: ba a tayar wa Inna da hankali. Tun shekarun rikicin da unguwarmu ta Kilomita Biyar a Bangui ta shiga halin da ta shiga, lokacin da manyan motoci suka yi ta kwasar mutane da ƙunshin kayansu zuwa Cadi da Kamaru, hawan jini ya kama mahaifiyata bai sake ta ba. Ƙanwata tana cikin waɗanda suka tafi, har yau sai dai a ji muryarta a waya. Mu muka zauna. Likita ya faɗa mana ƙarara cewa firgita ɗaya mai ƙarfi tana iya kayar da tsohuwar. Saboda haka idan tayar mota ta fashe a titi, sai ka ga jikoki sun ruga ɗakinta suna cewa, "Taya ce, Inna, taya ce," tun kafin ta tambaya. Ni na kafa dokar, ni ne kuma mai zare wa wanda ya karya ta ido.

Ni ne ɗanta na fari, Inna kuwa tana da kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan tana nemana sai ta ce "kai wannan," idan tana maganata da matata sai ta ce "mutumin naki." Ba ta kallon fuskata sosai, ba ta yaba mini, ba ta ce mini sannu sai in ciwo ya kwantar da ni. Na yi furfura a haka, na kuma saba.

Sana'ata sarin shinkafa da sukari da man girki. Na shekara da shekaru a kujera ɗaya a bakin sito, ina nuna buhu da yatsa wasu suna ɗauka. Abu mafi nauyi da nake ɗagawa a wuni shi ne kofin shayi. Tumbi ya zo a hankali, da sallama, har ya zama shi ne ke fara shiga ɗaki kafin ni. Likitan Inna ya dube ni wata rana na kai ta, ya ce in zauna ni ma a auna. Da ya gama ya ce sukarina ya fara hawa, ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in riƙa tafiya da ƙafa. Na ɓoye ƙwayoyin a aljihun wata tsohuwar riga, don dokar gida ta hau kaina ni ma.

Maƙwabcin shagona ne ya zo da maganar. Kayan babur yake sayarwa, haifaffen Bangui ne, Sango, yaren garin, shi ne bakinsa, Hausarsa kuwa ta kasuwa ce da ya tsinta a wurinmu.

"Alaji," ya ce, "ran Lahadi akwai marsh. Kowa ya zo da jaka, ya sa nauyi ciki, ya goya. Mu yi tafiya tare, mu dawo."

"Mu kai wa wa kayan?"

"Ba kowa. Ka dawo da shi gida."

Na yi dariya har na ƙware. A Kilomita Biyar ɗaukar kaya sana'a ce mai masu ita. Akwai 'yan dako, akwai masu tura kura. Mai shago idan aka gan shi da kaya a baya, to ko ya karye ko kansa ya taɓu. Kakana da ƙafa ya shigo ƙasar nan, kaya a ka, don jikokinsa su huta. Na ce wa maƙwabcina idan tsohon ya ji na goya kaya haka kawai ba mai saye ba mai aike, zai juya mini baya a Lahira.

Ya ce tafiyar ta masu koyo ce, har da mata da dattawa. Wannan bai motsa ni ba. Abin da ya motsa ni matata ce. A makon ne za ta tafi Garwa a Kamaru da yara bikin 'yar ƙaninta, tana ɗaure akwati ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, rigar da ta sa aka ɗinka mini da Sallah tana nan a rataye, ta ji maɓallan suna addu'a. Bayan na raka su tasha na dawo, na leƙa shagon maƙwabci na ce ya sa da ni.

Na yanke shawarar Inna ba za ta sani ba. Na gaya wa kaina saboda doka ne, ganin mutum da jaka a baya ba abin da za a nuna mata ba ne. Gaskiyar magana kuma, dariyarta nake gudu. Sai na shiga shiri a ɓoye, da wayo irin na mutumin da bai taɓa ɓoye komai ya ɓoyu ba. Na sayo jaka a wurin 'yan gwanjo, ƙatuwa mai igiyoyi ta ko'ina, na shigo da ita gida cikin buhun da ba komai. Na sayo takalmin kambas na tura ƙarƙashin gado. Da yake matata ba ta nan, na sa aka cika wa Inna ɗakin ajiya da shinkafa da gawayi da mai don kada ta nemi wani abu, na kuma sayo mata maganinta mai yawa tunda na same shi a kanti. Idan maƙwabci ya kira, sai in zagaya bayan bishiyar mangwaro in rage murya in koma Sango: da asuba ne, mu da yawa ne, ta wace hanya za mu bi. Na manta cewa Inna tana taya kifi da Sango tun ban zo duniya ba.

Ranar Asabar da yamma na zuba shinkafa a ƙaramin buhu, na naɗe da tawul, na cusa a jakar, na jingine ta bayan ƙyauren zaure. An ce masu koyo su sa kaɗan. Na sa da yawa, don ba zan je a ce ɗan sarin shinkafa ya zo da ta dafa wa mutum ɗaya ba.

Da na dawo daga sallar asuba na sa kambas, na saɓa jakar da sauri. Ina juyawa na ga Inna tsaye a ƙofar ɗakinta, mayafi a ka, carbi a hannu.

"Zan ɗan leƙa sito ne, Inna," na ce.

Ta dubi takalmin, ta dubi jakar. "To," ta ce. Har na kai ƙofa ta ƙara, "Kai wannan. Allah ya tsare gaba da baya."

Na ce amin, na fita ina yaba wa kaina yadda na iya rufa-rufa.

Mun taru a gefen titin Koudoukou, ƙasa kaɗan da babban masallaci. Mutane sun fi yadda na zata: 'yan kasuwa, malaman makaranta, mata da hijabi a kan wandon motsa jiki, wasu daga unguwannin da ke maƙwabtaka da mu. Akwai wata dattijuwa siririya da na dube ta na ce a raina, to ga wadda zan riga. Mai jagorantar tafiyar ma'aikaciyar jinya ce, gajeriya, da usur rataye a wuya. Ta gaishe mu da "Bara ala kwe," ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga jakar kowa da hannu don ta ji nauyi. Da ta zo kaina ta ɗaga ta saki.

"Papa, wannan ya yi maka yawa. Yau ka fara."

"'Yata," na ce, "ina harka da buhun shinkafa tun kafin a haife ki."

Ban yi mata bayanin irin harkar ba. Ta yi ƙoƙarin ɗaura mini igiyar da ke zagaya ƙugu, bakin igiyar biyu suka hango juna daga nesa suka kasa gaisawa. Ta haƙura. Sannan ta ɗaga murya ta faɗi ƙa'idar tafiyar: ba tsere ba ne, kowa da saurinsa, kuma a nan ba a barin kowa a baya. Ta busa usur muka tashi.

Farkon tafiyar daɗi. Iska da sanyi-sanyi, an yi ruwa kwana biyu kafin nan, jar ƙasar gefen titi ta kwanta. Ina gaba-gaba ina wurga hannu, har ina ba wani malamin makaranta shawara a kan numfashi.

Matsala ta farko ladabi ne. A unguwarmu ba a ganin babba da kaya a bar shi da su. Ba mu yi nisa ba wani ɗan dako da ke yi mini aiki ya hango ni daga ƙetaren titi, ya ajiye burodinsa ya rugo.

"Subhanallahi, Alhaji! Muna raye? Kawo!"

Ya kama jakar ta baya yana ja, ni ina ja ta gaba, muka yi ta juyi a tsakiyar titi ina ce masa motsa jiki ne, shi yana cewa ai shi ma zai motsa. Da ƙyar maƙwabcina ya raba mu. Mutumin ya koma yana girgiza kai, na kuma san kafin azahar labari zai kai kowane sito cewa Alhaji ba lafiya.

Sai wani mai babur ɗin haya, taksi-moto, da ya saba kai ni gida ya ɗauke mu aiki. Ya rage gudu ya jera da ni, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa.

"Alaji, hau mana. Ina za ka?"

"Ba inda za ni."

"To ai can ma ina zuwa."

Na ce ya tafi ya nemi fasinja. Ya ce ya riga ya samu, jira kawai yake fasinjan ya gane.

Matsala ta biyu ba ta dariya ba ce, ko da yake na yi dariyar. Da muka zo mahaɗar da mai shayi yake, ya miƙe tsaye da buta a hannu, fuskarsa ta canza. Ya dubi jerin mutane da kaya a baya da sassafe, ya ce a hankali, "Lafiya? An ce wani abu ne?" Wata mata da ke share ƙofar shagonta ta jawo 'yarta ciki ta tura ƙyaure rabi. Mai usur ta gane nan take. Ta ɗaga hannu biyu tana kira, "Sipor ne! Motsa jiki kawai!" Mai shayi ya sauke numfashi ya zauna, ya zage mu zagin wasa, matar ta buɗe ƙyaure tana dariya da hannu a ƙirji. Ni kuwa na ce wa maƙwabcina, ka gani, shi ya sa mai hankali ba ya gaya wa tsohuwa irin wannan.

Daga nan jikina ya fara kawo ƙara. Kafaɗu suka fara, gwiwoyi suka bi, kambas ɗin da mai gwanjo ya rantse daidai ƙafata ne ya ƙulla gaba da ɗan yatsana na dama. Malamin da na koya wa numfashi ya wuce ni yana hira. Matan suka wuce. Dattijuwar nan ta zo ta gefena, ta ce, "Yeke yeke, Papa," wato in bi a hankali, ita ma ta wuce. Ban san akwai abin da ya fi wanda nake yi hankali ba, sai dai tsayuwa.

Ƙa'idar da na ji daɗinta da safe ta zama abin kunyata. Duk inda aka yi kwana, sai jama'a su tsaya cak su jira ni. Idan na iso ina huci, sai su tafa. Ban taɓa sanin tafi yana da zafi ba. Ga mai moto a bayana yana tafiya da sauri irin na jana'iza.

Abin da ya fi damuna shi ne wani abu mai tsini da ke sukana a gadon baya, ƙasa da kafaɗar hagu. Duk taku sai ya soka. Na yi ta tunani, shinkafa ba ta da ƙaho. Na ɗora laifin a kan mai gwanjo, na shirya maganganun da zan gaya masa ranar Litinin.

A Kokoro aka tsaya hutu, a wani filin ƙwallo mai bishiyoyin mangwaro a gefe. Kowa ya sauke jaka yana shan ruwa. Ni na zube a gindin bishiya, na jawo tawa na zuge don in ga abin da ke cin amanata.

Bakin buta ne. Ƙaramar butar ƙarfe ta alwala da mahaifina ke tafiya da ita, wadda ke ɗakin Inna tun rasuwarsa. Na ciro ta ina kallo kamar ban san ta ba. Ƙarƙashinta bargo ne a naɗe tam. Sai garin rogo a leda, da dabino, da kilishi, da ashana da tocila. Shinkafata tana can ƙasa, an rage ta rabi don a sami wuri. A aljihun gefe na sami ƙwayoyin sukarina, waɗanda na ɓoye a tsohuwar riga. Cikin bargon kuma akwai ɗankwalinta mai ruwan ƙasa, an ƙulle bakinsa. Na kwance. 'Yan kunnenta ne na zinariya, na aurenta, waɗanda ko a shekarun wuya ta ƙi sayarwa.

Ina sallar asuba ta yi wannan aikin. Na zauna ina haɗa abin da ita ta riga ta haɗa: an tura matata da yara Kamaru, an cika mata ɗaki da abinci da magani, ana raɗa a bayan mangwaro, an sayo takalmin tafiya, an fita da asuba da jaka. Da ni ne a wurinta, abin da zan fahimta ke nan.

Na sake zazzage jakar, ina neman abu ɗaya. Babu zanenta, babu takalminta, babu maganin hawan jininta. Kayan mutum ɗaya ta haɗa. Ta ɗauka guduwa ce, ta kuma cire kanta daga tafiyar, ta tsaya a ƙofar ɗaki ta yi mini addu'a.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a shekarun can. Tun asuba tsohuwar nan tana zaune ita kaɗai da wannan a ƙirjinta, ni kuma mai kafa doka ina titi ana tafa mini. Na tura kayan ciki yadda suka shiga. Maƙwabcina ya ce me ya faru, na ce ya ba mai usur haƙuri. Ban ma ɗaga hannu ba mai moto ya riga ya juyo da kan babur.

"Na san za ka neme ni, Alaji."

"Gida," na ce. "Kada ka tsaya ko'ina."

Ya dubi fuskata ta madubi, bai sake yin wasa ba.

Ƙofar gida a buɗe take, an cire sakata an jingine gefe. Daga baya Inna ta ce mini ta buɗe ne don duk mai zuwa kada ya wahala da fasawa. An share tsakar gida tas. Inna tana zaune a tabarma ta fuskanci ƙofa, sanye da zanenta na Juma'a, carbi a cinya. Ta ɗago ta gan ni da jaka a baya, gumi ya jiƙa ni sharkaf.

"Me ka manta?" ta ce.

Na durƙusa a gabanta da jakar. Na ce babu abin da ya faru, gari lafiya, kasuwa za ta buɗe gobe kamar kullum. Na ce motsa jiki ne, likita ne ya ce in yi tafiya, yara kuma biki suka je da gaske. Ina magana ina kallon hannunta ko yana rawa, ina kallon bakinta ko ya karkace.

Ta sake duban jakar.

"Babu wanda ya koro ku?"

"Babu, Inna."

"Kuka ɗauki kaya, kuka bi titi."

"Don lafiyar jiki."

"Kuma ku dawo da kayan gida."

"Haka tsarin yake."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara girgiza. Na ce shi ke nan, abin da likita ya faɗa ya zo, ni na jawo shi da hannuna. Na yunƙura zan tashi in kira taimako, jakar ta mayar da ni ƙasa. Sai na ji sautin. Dariya take, dariya da kuka a haɗe, ta kasa tsayar da ko ɗaya. Na zauna a ƙasa na jira ta, nawa idon ma ya cika.

Da ta lafa ta share fuska, na tambaye ta abin da ke ci na tun daga Kokoro.

"Inna, da gaske kin zaci zan tafi in bar ki?"

"Ban ce ka bar ni ba," ta ce. "Ni na bar ka ka tafi. Kai da masallaci ma sai ka huta a hanya, ina za ka kai tsohuwa? Sai dai a same mu tare a bakin kwata."

"Da na goya ki."

Ta dube ni. A fuska ta dube ni, ta daɗe, abin da ban tuna ta taɓa yi ba. Sannan idonta ya sauka kan tumbin, ya zauna a can.

"Yau har ina ka kai?"

"Kokoro."

"Ka dawo da ƙafa?"

Na ce a moto.

"To," ta ce, ta miƙa hannu in ba ta ɗankwalinta. "Fara da butar."

Ta karɓi 'yan kunnenta da bargo, ta ce kilishin in ci tunda na wahala. Butar ta bar mini. Da matata ta dawo aka ba ta labari a bakin mutum uku kafin ta iso ƙofar gida, har yau idan ina ɗaura kambas sai ta tambaye ni ko a tanadi tocila.

Ina zuwa kowace Lahadi. Ranar Asabar da yamma nakan tsaya a ƙofar ɗakin Inna in faɗa da ƙarfi, da Hausa, cewa gobe akwai goyon jaka, za mu bi ta kaza mu dawo ta kaza. Takan ce, "Wa ya tambaye ka?" 'Yan dako sun gaji sun daina rugowa. Dattijuwar nan har yanzu tana wuce ni, sai dai yanzu sai mun yi nisa. Igiyar ƙugu ta haɗu a ƙarshen damina, mai usur ta sa aka yi tafi, wannan karon bai yi zafi ba.

Butar tana cikin jaka, na naɗe bakinta da tsumma. Lokaci zuwa lokaci nakan ƙara mudun shinkafa. Mai usur ta ɗaga jakar kwanan baya ta ce, "Papa, ina kake son kaiwa da wannan nauyin?" Na ce mata sai dai mu gani. Ban gaya mata cewa ranar da na kai Inna asibiti, da ta hau ma'auni, na leƙa ta bayan likita na ga inda allurar ta tsaya ba. Inna ba ta da nauyi sosai. Har yanzu dai ban kai ba.